Neman Baba Saje a Fadamar Guri

Mun tashi da asuba daga Haɗeja, ana sallame salla muka fice ta ƙofar gabas, ni da wani abokin aikina, ko hayaƙin murhu bai fara tashi a gari ba. Ni kofur ne a gidan yarin En'e, shi kuma gandiroba ne mai igiya ɗaya. Tun da 'yan'uwa gandirobobi na sauran garuruwa suka dame ni da tambayar yadda muka ƙare da zancen fansho, bari in ba da labarin tafiyar daga farkonta, kowa ya huta.

Abin da ya fitar da mu shi ne, bana aka ce za a gyara tsarin fanshon ma'aikatan En'e, kuma wani Bature zai zo daga Kano ya zauna da manyanmu a duba shekarun aikin kowa. To mu tsofaffin gandirobobi, lokacin da muka kama aiki ba a rubuta sunan kowa. Yari ya dube ka ya ga kana da ƙirji, ya miƙa maka kulki, shi ke nan ka zama gandiroba. Sai daga baya aka fara rubutawa. Idan daga ranar rubutun za a lissafa mana, shekarunmu ba su kai na fansho ba, sai dai a ba mu 'yar sallama sau ɗaya mu tafi gida. Aka ce mafita ɗaya ce: mu kawo wanda ya girme mu a aiki ya shaida lokacin da muka fara. Duk waɗanda suka girme mu sun rasu, saura mutum ɗaya, Baba Saje, wanda ya ajiye aiki ya koma ƙauyensu a bayan Guri. Shi ma ɗin wani fataken kifi ya zo kasuwa ya ce ya ji an yi jana'izarsa, har ana shirin tsayar da nasa fanshon. Yari ya ba mu izini ya ce mu je mu gani da idonmu, amma mu dawo kafin ranar zaman, don Baturen ba zai sake dawowa ba.

Abokin tafiyata ya zo da sabon kekensa, wanda ya saya da kuɗin gyaɗarsa. Na ce masa ƙarshen damina ne, kogi ya cika ya tumbatsa, ya bar shi a gida. Ya ce ai keke ba ya jin tsoron ruwa. Da farko kam ya yi mini rana, domin ya goya ni muna tafe muna ratsa gonaki, gero an girbe an kafa bukkokinsa, dawa ta sunkuyar da kai, mata na tsinkar kuɓewa suna ɗaga mana hannu. Hantsi bai gama ɗagawa ba hanya ta fara laushi, daga laushi ta zama taɓo, daga taɓo kuma ta ɓace gaba ɗaya a cikin ruwa. Tun daga nan keken ya koma bisa kan mai shi, kuma a can ya yi sauran tafiyar, kamar amarya. Ni dai sai in waiwaya lokaci-lokaci in tambaye shi ko keken yana jin daɗin hawan.

Wani abin da ba mu yi tunaninsa ba shi ne kakin da ke jikinmu. Mun saka shi ne don a girmama mu, ashe mutanen ƙauye ba su bambance gandiroba da ɗan doka. Rugar farko da muka tsaya neman fura, mazan suka sulale cikin dawa, suna zaton jangali muka zo ƙirga. Wata dattijuwar Bafulatana ce kaɗai ta tsaya, ta dama mana fura da kindirmo mai kauri na kwabo-kwabo, tana damawa tana rantsuwa shanun nan duk na baƙi ne. Da muka gaya mata mu masu gadin fursuna ne, ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ƙara mana nono kyauta, ta kuma ba mu shawara mu cire bel da hula mu tura a jaka idan muna son mu sami mai ƙetarar da mu. Muka bi shawararta.

Wanda bai taɓa ganin fadamar Haɗeja a wannan lokaci ba, ba zai gane abin da nake faɗa ba. Ruwa ne iya ganinka, ba zurfi sosai, amma ba iyaka. Furen bado ya rufe shi fari fat, goruba da giginya sun tsaya a ciki har gwiwa, tsuntsayen ruwa irin su ɗinya da kirinjijiya na tashi garke-garke duk inda muka taka. Masunta kuwa ba su damu da jirgi ba. Kowa ya kifa cikinsa a kan ƙaton gora, yana tuƙi da hannu da ƙafa, komarsa a gaba, in ya kama kifi ya jefa cikin goran ta bakinsa ya ci gaba. Daga nesa sai ka ce kwaɗi ne manya.

Da azahar muka iso inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa, muka tarar da mai fito ɗaya da dogon kwalekwalensa. Baƙi ne ƙaƙƙarfa, mai tsagar Mangawa a fuska. Muka yi ciniki a kan taro-taro, keke kuma ya ce sai an biya masa nasa daban, tunda ya fi mu cin wuri. Tun muna shiga na lura yana kallona ta gefen ido. Da muka kai tsakiyar ruwa, inda ba ka ganin gaɓa ta ko'ina, sai ya kafa gwangwalarsa ya tsayar da jirgin cak.

"Kofur, ba ka gane ni ba ko?"

Ni kuwa ban iya iyo ba, abokina ma haka. Na dube shi da kyau, sai na tuna. Ya taɓa zama a wurinmu saboda faɗan da suka yi da wasu a kan tafkin su, ya fasa wa mutum kai. Nan take na shiga binciken zuciyata ko na taɓa yi masa wani abu, ban samu ba, amma duk da haka na ƙara riƙe gefen jirgin. Sai ya fashe da dariya, ya ce in saki jikina, so yake kawai ya ga yadda fuskar gandiroba take idan shi ne a hannun wani. Ya ce ya gani, kuma ta ishe shi.

Da ya ji wurin wanda za mu, fuskarsa ta canza. Ya ce Baba Saje yana nan da ransa garau, ko makon jiya ya kai masa gishiri. Wanda ya rasu wani tsohon soja ne maƙwabcinsa da ya je yaƙin Bama, shi ma Saje ake ce masa. Ya ba mu labarin yadda lokacin da yake tsare matarsa ta haihu, Baba Saje ya nemi izini ya raka shi gida da kansa ranar suna, ya zauna a zaure aka ci tuwo da shi kamar ɗan'uwa, da yamma suka komo tare. Ya ce tun daga ranar bai sake ɗaga wa kowa hannu ba. Maimakon ya sauke mu a gaɓar da muka yi ciniki, sai ya zarce da mu har kusa da Guri, kuma ya ƙi karɓar ko anini. Na keken kaɗai ya karɓa, wai shi keken bai san Baba Saje ba.

Mun kwana a Guri a zauren wani mai unguwa. Kasuwarsu ta kifi ce tun daga bakinta har ƙarshenta. Tarwaɗar da za ka saya sule a Haɗeja, a nan sisi za a ba ka, a ƙara maka da karfasa gyara. Banda kuwa an tara ta tsibi-tsibi ana ɗurawa a buhunan kaba, fatake na jiran ruwa ya janye su kai tashar jirgi. Aka kawo mana burabusko da miyar kifi mai yaji, muka ci har muka kasa tashi. Abokina Bafulatanin gari ne, mai masaukinmu kuma Babarbare, saboda haka tun daga gaisuwa suka fara tsokanar juna, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne, ba su daina ba sai da muka bar garin. Abin da ban yaba ba a Guri shi ne sauro. Na ga sauro a rayuwata, amma na can ko bargo bai ɗauka a bakin komai ba.

Da safe mai fiton nan ya dawo da kansa ya ɗauke mu. Ƙauyen Baba Saje ɗan tudu ne a tsakiyar ruwa, gidaje kaɗan, kowanne da murhun banda a ƙofarsa. Ba mu same shi a gida ba. Matarsa, wadda dukanmu muke kira Iya tun suna Haɗeja, ta rungume mu da murna ta nuna mana gona. Can muka hango shi a kan rumfar da aka kafa a tsakiyar shinkafa, ya ɗaɗɗaura igiyoyi da gwangwanaye zuwa kowace kusurwa, yana ja suna ƙara, yana daka wa tsuntsaye tsawa da muryar nan tasa da ta sa mu rawar jiki muna samari. Ya yi ƙiba, gemu ya yi fari tas. Da ya gane mu, ya sauko da ƙyar saboda gwiwarsa, ya dube mu sama da ƙasa, abin da ya fara tambaya shi ne ina bel ɗinmu, kuma wa ya koya mana fita aiki ba hula.

Da muka gaya masa a birni an ce ya mutu, ya yi dariya har da hawaye, ya tambaya ko an yi masa sadakar uku, kuma wa da wa suka zo. Amma da muka zo kan maganar tafiya, sai ya ɗaure fuska. Ya ce ba inda za shi. Shinkafarsa ta fara nuna, jan-baki sun sauko kamar hadari, in ya bar gonar yini biyu ko ƙwaya ba zai tarar ba, ita ce kuma abincinsu na shekara. Game da nasa fanshon kuwa, ya ce shi ba zai tafi gaban kowa ya rantse yana da rai ba, wanda ke shakka ya zo ya gani. Muka yi lallashi, muka yi magiya, ya juya mana baya ya ci gaba da jan igiyarsa.

Muka koma gidansa jiki a sanyaye. Iya ta zuba mana tuwon shinkafa, ta zauna tana tambayarmu mutanen gidan yari ɗaya bayan ɗaya. A nan na ba ta labarin wani abokin aikinmu da suka sani sosai, mai tsaron ƙofa, wanda idanunsa suka fara mutuwa, bana dole ya ajiye aiki, ga 'ya'ya ƙanana, ba gona ba sana'a. In ba a lissafa masa shekarunsa na farko ba, ban san abin da zai ci ba. Iya ta ɗauki mayafinta ta nufi gona. Ban san abin da ta faɗa masa ba, amma kafin la'asar sai ga su tare, yana ɗingishi a bayanta.

Ya zauna, sannan ya dube ni.

"Yaron nan ni na karɓo shi daga hannun ubansa, na ce zan riƙe shi amana. Me ya sa ba ka fara da maganarsa ba, ka tsaya kana ba ni labarin kuɗina?"

Saura gona. Mai fito ya ce a bar masa wannan. Ya zaga ƙauyen da tungayen masunta na kusa, kafin magariba ya dawo da mutum huɗu da suka yarda su karɓi gadin tsuntsu bi da bi. Biyu daga cikinsu na san fuskokinsu, su ma sun san tawa, muka gaisa cikin mutunci ba wanda ya tada tsohon zance. Baba Saje ya jera su a bakin gona ya yi musu bayanin aiki kamar yana fareti, ya ce duk wanda ya yi barci a bakin aiki zai gamu da shi. Suka ce sun ji, ai sun san hali.

Komowa ta fi zuwa wuya. Ruwa ya ƙaru, wuraren da muka taka da ƙafa yanzu sai jirgi, wuraren da jirgi ya bi kuma ciyawa ta taso ta toshe. Sau biyu muna sauka mu tura kwalekwale, ruwa har ƙirji, Baba Saje na zaune a ciki da buhun bandarsa yana ba da umarni. Inda jirgi ya ƙare, taɓo ya fara, gwiwarsa ta ce ba ta san zancen ba. Mai fito ya durƙusa ya ce ya hau bayansa. Tsohon ya ƙi, ya ce shi ba a taɓa goya shi ba tun da aka yaye shi. Mai fito ya ce to yau za a fara. Haka ya goya shi har tudu, suna tafe suna gardama a kan wanda ya fi wani taurin kai. A nan muka yi sallama da shi. Na rasa abin da zan ba shi, sai na ciro rawanin da na zo da shi a jaka na miƙa masa, ya karɓa ya naɗa nan take a kan jiƙaƙƙen kansa.

Daga nan muka ɗauki hayar jaki daga wasu masu kai tabarmi kasuwa, muka ɗora tsohon. Muka kwana a wani ƙauye a hanya, muka yi sammako, domin ranar ce ranar zaman. Mun shigo Haɗeja rana ta take tsaka, taɓo har kunne, ko gida ba mu biya ba. A ƙofar ofis muka tarar da 'yan'uwanmu zaune jugum, an kira su an tambaye su shaida sun ce yana hanya, Baturen kuma ya ce da ya gama da masu gadin daji zai rufe. Da suka hango farin gemun nan a kan jaki, suka miƙe gaba ɗaya suka ƙame. Masinjan ofis kuwa, wanda ya yi ta yaɗa labarin rasuwar, ya ja da baya yana salati.

Aka shigar da mu. Ga Bature, ga Ma'aji, ga Yari, ga alƙali, ga tafinta. Maganar ransa ba ta ɗauki lokaci ba, domin Yari na ganinsa ya tashi ya rungume shi, Ma'aji ya ce a ci gaba da biyansa. Sannan aka sa shi ya yi alwala ya rantse, aka fara kiranmu ɗaya ɗaya. Bai san shekarun Turawa ba, amma kowa ya ɗaure shi da abin da ya faru a shekararsa. Game da mai tsaron ƙofa, Baba Saje ya ce shekarar fari ya zo, da fara ta cinye gero. Da aka zo kaina, Baturen ya sa tafinta ya tambaye shi yadda ya tabbata.

"Ranka ya daɗe, shekarar da jirgin ƙasa ya fara zuwa Malam Madori ce. Mun kai fursunoni share tasha, wannan yana sabon zuwa. Jirgi ya yi kuka, ya yar da kulki ya ruga daji. Fursunonin ne suka tsince masa kulkin, suka bi shi suka lallaso shi."

Ofis ya kaure da dariya, har alƙali sai da ya rufe baki da hannun riga. Ni dai na sunkuyar da kai. Baturen ya ce shekarar zuwan jirgi sananniya ce, ya rubuta. Ban taɓa jin daɗin abin kunya irin na ranar ba.

Abokin tafiyata ne bai samu yadda ya so ba. Shi a lissafinsa tare muka fara, amma Baba Saje ya ce a'a, ya zo ne bayanmu da damina uku, kuma ba zai ƙara masa ko wata ɗaya ba alhali ya dafa Alƙur'ani. Da muka fito abokina ya yi fushi, ya ce duk wahalar da ya sha a taɓo ashe a banza. Tsohon ya kira shi gefe ya ce masa da ya yi ƙarya a kansa, da an gano, da shaidar kowa ta rushe har da ta makahon. Da aka lissafa kuma aka ga 'yan shekaru kaɗan suka rage masa ya cika, kuma da sauran ƙarfinsa. Kafin yamma ya huce, har shi ya kai tsohon masauki. Washegari mai tsaron ƙofa ya sa aka jawo shi har wurin Baba Saje, ya durƙusa zai yi godiya, tsohon ya ɗaga shi ya ce ya bari, su zauna su ci kifi.

Ni kuwa a ranar zaman na isa gida bayan la'asar, uwargida ta dube ni ta ce in tsaya a waje tukuna, ta kawo ruwa a tulu, sai da na wanke taɓon Guri kaf sannan ta bar ni na shiga. Na yi barcin da ban taɓa yin irinsa ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, amma ya zauna mini. Haƙƙin ma'aikaci ba ya tsare kansa, sai 'yan'uwansa sun tashi sun tsare masa, tun yana da ƙarfi ba sai ya tsufa ba. Mun bar dattijonmu a ƙauye ba mai leƙa shi har aka ce ya mutu muka yarda, sai da bukatarmu ta taso muka tuna da hanyar gidansa. Yanzu mun yi shawara duk bayan girbi mutum biyu za su zaga tsofaffinmu, su gaishe su, su tabbatar ana biyansu. Na kuma ga cewa mutanen da muke kullewa yau, gobe a hannunsu za mu tsinci kanmu a tsakiyar ruwa, kuma abin da muka yi musu shi za su tuna.

Ku kuma 'yan'uwa na sauran garuruwa, in kuna da tsohon da ya san farkonku, ku neme shi tun yau. Shekaranjiya aka kawo mana sabon gandiroba, saurayi ɗan Kafin Hausa, yana ta zumuɗin a ba shi kaki. Na ce kaki ba zai gudu ba. Na kama hannunsa na kai shi gaban magatakarda, na tsaya a kansa har sai da na ga an rubuta sunansa da ranar da ya fara, sannan na miƙa masa kulki.